Yadda na sake ɗora vCenter ban rasa bayanai ba

Wuta ta ɗauke a ofishinmu na Ikeja. Da janareta ya tashi komai ya dawo, sai vCenter, wato manhajar VMware da muke kula da duk sabobinmu da ita daga wuri ɗaya. Alhaji ya bugo daga Agege: "Malam, bayanan kwastomomi fa?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, injinan da bayanan ke ciki (virtual machines, wato kwamfutocin manhaja) suna kan ESXi, manhajar da ke gudanar da su a kan sabar, suna aiki ko babu vCenter.

Abin da kan salwanta idan vCenter ya lalace shi ne izinin ma'aikata, foldoji da saitin suwic ɗin da ke haɗa injinan da juna. Sai na kashe tsohon, na ɗora sabo mai sigarsa, na maido da ajiyar (backup) da muka saita ta tashar 5480, wato shafin saitin vCenter.

ESXi kam ban taɓa shi ba. Wajen sake ɗora shi akwai zaɓin shafe VMFS, wato ma'ajiyar da fayilolin injinan ke ciki a kan faifai, kana dannawa duk injinan da ke faifan sun tafi.