Kyamarar tarko a lambun gida: abin da ke sa a wayi gari da hoton ganye

Wanda ya ɗaura kyamarar tarko, wato kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gitta, don ya gano abin da ke tone masa tumatir da dare, yawanci ɗayan biyu yake tararwa da safe: ko ɗaruruwan hotunan ganyen ayaba yana kaɗawa, ko katin memori fayau babu hoto ko ɗaya, alhali ga sawun gafiya a ƙasa. Tushen matsalar ɗaya ne. Mutane na ɗauka motsi kawai na'urar take gani. A bayan 'yar tagar robar nan mai duhu da ke kusa da idon kyamarar akwai sensa mai jin ɗumi, kuma ba ta farkawa sai wani abu da zafinsa ya bambanta da na wurin ya gitta ta gabanta.

Nan ne zafin Kano yake shigowa. Mafi yawan waɗannan kyamarori an ƙera su ne da mafarautan barewa na Amurka da Turai a rai, inda dabba ke da ɗumi, daji kuma ke da sanyi. A Afrilu da Mayu kuwa zafinmu yakan haura digiri 40, jikin mage kuma 38 ne zuwa 39. Idan ƙasa da katanga sun ɗauki zafi daidai da na dabbar, sai ta wuce kamar ba ta wuce ba. Katangar bulo ma ba ta hucewa da wuri, har bayan isha'i za ka taɓa ta ka ji ɗumi. Maganin shi ne a kai ƙarfin sensa matakin sama a bazara, a sa kyamarar a inuwa, a matso da ita mita 2 zuwa 3 daga inda ake sa ran dabbar. Da hunturu a dawo da ƙarfin sensar matsakaici. Da yawa akasin haka suke yi: hotunan banza na tsakar rana sun ishe su, sai su rage ƙarfin sensa, su yi asarar bushiyar da ke fitowa da dare. Abin da ya kamata a taɓa shi ne lokacin aiki. Galibin kyamarori suna da wurin saita awanni, sai a ce ta fara da magariba ta tsaya da hantsi.

Kadangare da hawainiya da kwaɗo lissafinsu daban ne, domin zafin jikinsu na bin na wurin da suke. Mai son hotonsu ya saita kyamarar ta riƙa ɗauka da kanta duk daƙiƙa 30 ko minti 1, ya haƙura da tankaɗe hotuna daga baya.

Hoton banza kuwa sanadinsa sananne ne. Kyamarar da ta kalli gabas ko yamma, rana za ta doki sensarta safe da yamma, hoton kuma ya fito fari tas. A fuskantar da ita arewa. Sai dai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana a Kano takan ɗan karkata ta arewa, don haka a watannin nan kudu ta fi, musamman in akwai inuwar mangwaro ko darbejiya a sama. A kawar da ita daga hayaƙin janareta, da injin na'urar sanyaya ɗaki da ke hura iska mai zafi waje, da kwanon rufin da aka jingine a bango. Ganyen da rana ta ɗumama, iska ta kaɗa shi, a wurin sensa dabba ce sak. A sare duk abin da ke lilo a mita 3 na gabanta, da damina kuma a riƙa dubawa duk mako, tunda ciyawa ba ta jira. Kada a ɗaure ta a jikin zogale ko gwanda. Iccen ya yi rawa, kyamarar ta yi rawa, komai ya zama motsi. Turke mai kauri ko ƙarfen rodi da aka kafa sosai ya fi, in katako ne kuma a lura da gara.

Tsawo ma ana kuskurensa. Hoton da ke jikin kwali yakan nuna ta daidai ƙirjin mutum, amma wannan na barewa ne. Bushiya da gafiya da jaɓa a ƙasa suke, don haka santimita 20 zuwa 30 ya isa, a tsaye cak ba tare da ta kalli sama ba. Waɗannan dabbobi ba sa ratsa tsakiyar fili, gindin katanga suke bi, su shiga su fita ta rariya. A duba bakin rariyar da sassafe: in akwai sawu ko kashi, nan ne hanya. Kada a sa kyamarar ta kalli hanyar kai tsaye, don sensa ta fi jin abin da ya gitta fiye da wanda ya nufo ta. A karkata ta kamar digiri 45, yadda dabbar za ta daɗe a cikin hoton. Kuma kada a matsa ƙasa da mita 1 da rabi, domin idon galibinsu ba ya daidaita abin da ke kusa, sai hoton ya yi dishi-dishi.

Da dare kyamarar tana haska wuri da wani haske da idon mutum ba ya gani sosai, shi ya sa hoton dare baƙi da fari ne. In akwai farar katanga dab da bayan wurin, hasken zai dawo ya wanke hoton, ka ga dabba kamar dunƙulen auduga. A rage ƙarfin hasken a saiti, ko a juya kyamarar ta kalli katangar a kaikaice. In fari-fari ne kamar zare ya cika hoton, yanar gizo-gizo ce a kan gilashi.

Batir shi ne inda arha ke zama tsada. Ƙananan batiran rediyo masu araha za su kunna na'urar, ta yi aiki da rana lafiya, amma da zarar hasken dare ya ja wuta sai ta mutu, ko bidiyon ya yanke bayan daƙiƙa kaɗan. Kyamarori da yawa suna cin batir 8, kuma dole su zama iri ɗaya, sababbi duka. Ɗaya tsoho a cikinsu ya isa ya ja sauran ƙasa. Na litiyam sun fi jure zafi. Na alkalin sukan yi yoyo in sun daɗe, ruwan ya cinye ƙarfen mazauninsu. Masu caji kuwa bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, wasu kyamarorin sai su nuna batir ya kusa ƙarewa tun a ranar farko, don haka a duba littafin kafin a saya. Don batir ya daɗe, bidiyon daƙiƙa 10 zuwa 15 ya wadatar, da hutun daƙiƙa 30 tsakanin ɗauka.

Katin memori mai gigabait 32 shi ne wanda kusan kowace kyamara ke karɓa. A goge shi a cikin kyamarar kanta, ba a waya ba, kuma a duba ɗan makullin gefensa bai zame ƙasa ba, don in ya zame katin ba zai karɓi hoto ba. Akwai jabun kati masu nuna girman da ba su da shi, shi ya sa yana da kyau a cika sabon kati da bidiyo a kwamfuta, a ga ko duka suna buɗewa.

Da hunturu ƙura ke rufe ido da tagar sensa cikin 'yan kwanaki. A hure ta tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, don gogewa a kan ƙura karce roba take yi. Da damina a duba robar bakin murfi, a jefa ƙullin nan mai shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Zuba tuwo ko ƙashin kifi a gaban kyamara gayyatar ɓeraye da magen unguwa ce. A rani faranti mara zurfi da ruwa, da dutse a ciki don tsuntsu ya taka, ya fi kowane abinci jan kurciya da bushiya. Madara kuwa ɓata wa bushiya ciki take yi.

Sai batun da ya fi duk waɗannan nauyi a gari irin Kano, inda katanga ke jingine da katanga: kada idon kyamarar ya leƙa gidan maƙwabci, ko tsakar gida inda mata ke sha'aninsu, ko hanyar banɗaki. A faɗa wa mutanen gida da mai gadi da mai ban ruwa inda take. Kafin a bar wurin a saita kwanan wata da lokaci, a ɓare ledar da ke manne a gilashin sabuwar kyamara, a durƙusa a gitta ta gabanta a gwada, sannan a tura makunnin daga SETUP zuwa ON, domin in an bar shi a kan SETUP ko hoto ɗaya ba za ta ɗauka ba.