Zamiya a ƙanƙarar Chamonix: kurakuran da sabon shiga ya fi yi da gyaransu

Chamonix, ko Shamoni kamar yadda masu garin ke faɗa, ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin Faransa. Yana kwance cikin kwari a gindin Mont Blanc, dutsen da ya haura mita 4,800. Shi kansa garin yana kan tsayin mita 1,035, kuma a nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924. Wannan suna ne ke jan baƙi, kuma shi ne ke yaudarar su. Mutum ya ga hoto a waya, ya ji cewa nan ne cibiyar wasan zamiya a dusar ƙanƙara, sai ya ɗauka ai a nan ya kamata ya fara. Ana iya farawa a nan ɗin, amma duwatsun Chamonix a miƙe suke, gwanaye suka fi jin daɗinsu. Kusan duk kuskuren da zan ambata tushensa guda ne: kunyar furta "ban iya ba".

Tun kafin a bar gida

Mutane da yawa suna sauka a filin jirgin Janeba da ke Suwizalan, don daga can tafiyar mota ba ta cika wuce awa ɗaya da kwata ba. Sai wani ya ɗauka a ofishin Suwizalan zai nemi biza. A dokar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza guda, ciki har da Faransa da Suwizalan, ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa, wato Faransa, ko da ba ta nan ka shigo ba. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka kada ka bari sai Disamba ta kama.

Inshorar da ake haɗawa da biza, wadda dole ta kai Yuro 30,000, ita ma tana da tarko. Da yawa daga cikin masu araha sun cire wasannin ƙanƙara daga abin da suke biya, an rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. A Faransa kuwa, idan ka faɗi a filin zamiya ma'aikatan ceto suka ɗauko ka a kan gadon ja, kuɗi za ka biya, ɗaruruwan Yuro, kafin ma a zo maganar asibiti. Gyaran mai sauƙi ne: a wurin sayen tikitin hawa dutse ana sayar da inshorar kwana-kwana a kan 'yan Yuro kaɗan. Saya. Araha ba ta ado.

Lokacin zuwa ma ana kuskure shi. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma hutun 'yan makaranta na Faransa da ke ɗaukar yawancin Fabrairu zuwa farkon Maris, nan ne masauki ke tashin gwauron zabi, layi kuma ya yi tsawo. Tsakiyar Janairu ta fi sauƙin kuɗi amma ta fi sanyi. Maris ta fi tsawon yini. Mai azumi ya duba kalanda, don a waɗannan shekarun Ramadan na faɗowa cikin lokacin ƙanƙara: na 2026 ya kama ne a Fabrairu.

Kilishi kuma a bar shi a gida. Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashen waje. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su cikin wannan hukunci.

Sanyin can ba hunturu ba ne

Wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Janairu yakan ce ya san sanyi. Bai sani ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Idan ma'auni na kan sifili a cikin gari, to a ƙololuwar Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, lissafi zai kai ka wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ban da iska mai kaɗawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jibga kayan auduga: singileti, riga, wata rigar, suwaita, sannan katuwar kwat. Zamiya aiki ce, za ka yi gumi. Auduga tana shanye gumi ta riƙe, da ka zauna a kujerar igiya mai hawa dutse sai jiƙar ta huce a jikinka. Tufafi hawa uku ake sawa: na ciki mai manne jiki na ulu ko na zaren roba, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Wandon jins bai da wuri a nan ko kaɗan. Mace mai hijabi ta nemi ƙarami mai kama kai wanda zai shige ƙarƙashin hular kwano, kada ta bar dogon mayafi yana lilo kusa da ƙarafunan kujera.

Safa guda ɗaya, doguwa, marar kauri sosai. Na san zuciya na cewa a ninka uku, amma safa uku na matse ƙafa cikin takalmi, jini ya kasa zagayawa, yatsu su fi yin sanyi.

Sai maganar rana, wadda mu baƙaƙen fata muke rainawa. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, ga shi kuma ƙarfinsa na ƙaruwa da tsayi. Ido ba ruwansa da launin fata. Wanda ya wuni ba tabarau zai iya kwana yana hawaye kamar an watsa masa yashi. Man kaɗe na da kyau ga kaushi da tsagewar leɓe, amma ba ya tare rana, sai an haɗa da man kariya. Idan yatsa ko kunne ya mutu, ya yi tauri, launinsa ya koma toka-toka, sanyi ya fara cin nama ke nan. Kada a murza, kada a kara a wuta ko a jikin hita. A shiga ɗaki, a sa cikin ruwan ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, in bai dawo ba a ga likita.

Maganar da ta fi shafar mu

Motar igiyar Aiguille du Midi, wadda aka buɗe a 1955, tana ɗaga mutum kimanin mita 2,800 cikin minti ashirin. Jiki bai samu lokacin sabawa ba. Ciwon kai da jiri da haki abu ne da aka saba gani a can, don haka bai kamata a hau ranar da aka iso ba.

Amma ga mai ciwon sikila, wato amosanin jini, lamarin ya wuce ciwon kai. Ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da ƙishirwa su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duka ukun sun haɗu a saman dutse. Har mai rukunin jini AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, likitoci sun san saifarsa na iya toshewa a wuri mai tsayi sosai. A ƙasarmu kusan kowane dangi akwai mai AS. San rukunin jininka kafin tafiya, ka yi shawara da likita, kuma in ka ji ciwo mai tsanani a hagun cikinka ƙarƙashin haƙarƙari, sauka nan take ka kira lambar gaggawa 112. Ruwa kuma a sha ko ba a jin ƙishi, don sanyi na ɓoye shi.

A shagon haya

Ba a sayen allunan zamiya da takalma don mako guda, haya ake yi. Mai shago zai tambaye ka nauyinka, tsawonka, shekarunka da matsayin iyawarka. Ba gulma yake nema ba. Da waɗannan yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, domin ya saki ƙafarka idan ka faɗi. Ka rage nauyi don kunya, ko ka ce ka iya alhali ba ka iya ba, sai ya saita shi ba daidai ba: ko ya riƙa sakinka ba dalili, ko ya ƙi saki gwiwa ta murɗe. Tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin raunukan da aka fi samu a wannan wasa. Kalmar da za ka faɗa ita ce "débutant", sabon shiga. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun huta a nan, harshen a bakinsu yake.

Takalmin ya kama ƙafa sosai ba tare da ciwo ba, dunduniya kada ta ɗaga. In yana cizonka, koma a canza, ba a ƙara kuɗi a kan haka. Hular kwano kuma ba ta yara kaɗai ba ce.

Aboki ba malami ba ne

A zuwana na farko na ƙi biyan kuɗin darasi. Wani abokina da ya yi shekaru a Faransa ya ce, "Haba malam, ai abin ba wuya, ka biyo ni kawai." Muka hau motar igiya har tashar Planpraz, wajen mita 2,000. Shi ya wuce kamar tsuntsu. Ni na sauko rabin gangaren a zaune, allo ɗaya a hannu, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni a jere bayan malaminsu. Daga baya na gane cewa motar igiyar da ta kai ka sama tana saukowa da mutane, kuma ba wanda zai dube ka.

Wanda ya iya tun yana yaro ya manta yadda aka koya. Malamin makarantar zamiya, irin masu jajayen riguna na ESF (Makarantar Zamiya ta Faransa) da za ka gani ko'ina, zai fara da abin da aboki ke tsallakewa: yadda ake tsayawa ta hanyar haɗa kawunan alluna a buɗe bayansu, yadda ake faɗuwa ta gefe ba a tokare da hannu ba, da yadda ake tashi. Zai kuma yi ta maimaita maka abu ɗaya: daina jingina baya. Tsoro na sa mutum ya ja jiki baya, sai alluna su gudu da shi. Ƙwauri ya danna gaban takalmi, hannaye a gaba. Darasin safe na kwana uku ya fi mako guda na faɗi-tashi.

Filayen koyo suna ƙasa: Le Savoy da Les Planards a bakin gari, La Vormaine a ƙauyen Le Tour, Les Chosalets a Argentière. Tikitinsu ya fi sauƙi, saboda haka sayen babban tikitin Mont Blanc Unlimited a ranar farko zubar da kuɗi ne. Idan ƙafa ta fara zama, gangaren Balme da ke saman Le Tour masu faɗi ne, sun dace. Filin Grands Montets, mai tsananin gangare, a bar wa masu shi tukuna. A sani kuma filayen Chamonix ba a haɗe suke wuri guda ba, a warwatse suke cikin kwarin, bas da jirgin ƙasa ke haɗa su. Duba tashar da ke kusa da masauki kafin ka biya, don tafiya da waɗannan takalma a kan titi azaba ce.

Launin sandunan hanya shi ne jagora: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Launi za ka bi, ba suna ba. A ƙauyen Les Houches akwai hanyar da ake kira La Verte, wato koriya, amma baƙa ce, a kanta ake tseren gasar duniya.

Dokar hanya gajera ce. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, don ba shi da ido a ƙeya. Kada ka tsaya a matsatsi ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango ka ba, balle don ɗaukar hoto. Kafin ka sake shiga hanya, dubi sama.

Bayan igiyar iyaka wata duniya ce. Hanyar Vallée Blanche, wadda kowa ke yabo, kusan kilomita 20 ce a kan daskararren kogin ƙanƙara mai ramuka da dusa ta rufe bakinsu. Ba a mata alama, ba a gyara ta, sai da ɗan jagora, kuma sai wanda ya riga ya ƙware. Garin na da ƙungiyar 'yan jagora tun 1821, ba don ado ba. Haɗarin zaftarewar dusa ana auna shi daga 1 zuwa 5, kuma kada 3 ta yi maka kama da matsakaici, a kanta ake yawan rasa rayuka.

Ci da salla

Abincin wannan yanki na Savoie cuku ne da dankali, amma musulmi ya tambaya kafin ya sa cokali. Tartiflette da gutsattsarin naman alade ake yin ta. Raclette takan zo da farantin busasshen naman alade a gefe. Fondue da farar giya ake narkar da cukunta. "Sans porc" (ban da alade) da "sans alcool" (ban da giya) su zauna a bakinka. Gidajen abinci da yawa na rufe kicin daga wajen ƙarfe biyu sai bakwai na yamma, shi ya sa ɗaki mai wurin girki ya fi otal rufin asiri.

A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, azahar da la'asar da magariba sai su zo a kurkusa. Yi alwala kafin ka ɗaure takalmi, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla tun kana gida.

Saukar ƙarshe

Mai hayar mota ya tabbatar tana da tayoyin sanyi ko sarƙa, doka ce a wannan yanki daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba gara ya hau motar haɗaka daga filin jirgi.

Rana ta uku cinyoyi kan yi tsami. Huta. Hau jan jirgin Montenvers zuwa mita 1,913 ka kalli kogin ƙanƙara na Mer de Glace, ka ga alamun da ke nuna inda ƙanƙarar ta kai a shekarun baya da inda ta ja da baya yanzu.

Kujerun igiya na tsayawa wajen huɗu da rabi zuwa biyar, gwargwadon wata. Dab da lokacin ne ake jin "bari mu ƙara ɗaya". A sa'ar nan ƙafa ta gaji, inuwa ta rufe kwarin, dusar da rana ta narkar ta sake daskarewa ta zama kamar gilashi, kowa kuma na rige-rigen sauka. Lokacin rufewa na rubuce a gindin kowace kujera, karanta shi tun da safe. Idan kana Balme ka sauka ta ɓangaren ƙauyen Vallorcine bayan an rufe, ba hanyar komawa Le Tour ta sama, sai ka saɓa allunanka a kafaɗa ka jira jirgin ƙasa a tasha.