Yadda za ka haɗa wa kififiya ɗan tafkinta a cikin gida

Jama'a tun da damina ta sauka nake ganin yara a unguwarmu suna yawo da 'yan kififiya cikin gwangwanin madara, wasu a bakin gulbi suka kamo su wasu kuma a tafkunan da ruwa ke kwantawa bayan gari, kuma yawancinsu ba sa kaiwa lokacin ɗari da rai. Ni ma ya faru da ni. Ta farko da yarona ya kawo a kwano muka ajiye ta cikin ɗaki muna jefa mata tuwo da burodi, ba a yi wata huɗu ba ƙoƙon bayanta ya yi laushi, idanu suka kumbura, ta mutu. Abin ya tsaya mani a rai ƙwarai don rai ne muka tsare ba mu ba shi haƙƙinsa ba. In ba za ka iya ɗawainiyar ba gara ka sa yaro ya mai da ta inda ya ɗauko ta tun a ranar. In kuma ka yi niyyar riƙewa to ga abin da na koya.

Fara da sanin wace iri ce a hannunka. Tamu ta nan, wadda masana ke kira Pelomedusa, in ta tsorata ba ta jan kai ciki kai tsaye, lanƙwasa wuya take ta gefe, kuma ta kan saki wani wari in an dame ta. Girmanta bai cika wuce santimita 20 ba, abincinta galibi nama ne. Akwai kuma wadda ake shigowa da ita mai jan zane a bayan ido, asalinta Amurka ce, ana sayar da ita 'yar mitsitsiya amma macen ta kan kai santimita 25 zuwa 30 kuma tana iya wuce shekara 20 a raye. Wannan don Allah ko ka gaji da ita kar ka sake ta a gulbi ko a tafkin Madarunfa da ke kusa da Maradi, tana cinye abincin na gida tana ƙwace masu wuri, dalilin da ya sa ƙasashen Turai suka hana shigo da ita ke nan tun 1997.

Yanzu mazubi. Akwatin gilashi yana da kyan gani amma a Maradi samunsa da wuya ga tsada, kuma in rana ta buge shi a watan Afrilu ruwan dafuwa yake. Ni rabin tano na kawutsu nake amfani da shi, irin shuɗin nan mai lita 200 da aka tsaga a kwance, amma ka tabbatar ba mai ko maganin ƙwari aka taɓa zubawa ciki ba. Babban baho ma ya yi ga ƙarama. Lissafin da masu kiwo ke bi shi ne kamar lita 15 ga kowane santimita ɗaya na tsawon ƙoƙon bayanta, wato mai santimita 10 tana son lita 150, kun ga ashe kwano ba ya cikin magana sam. In da hali ka sa magini ya gina maka ɗan kwarmi na siminti a gefen tsakar gida, shi ya fi, sai dai sabon siminti yana sakin wani sinadari mai cutarwa a ruwa, dole ka cika shi ka zubar sau da yawa tsawon sati biyu zuwa uku kafin ka saka ta. Zurfin ruwa kuma ya kai aƙalla tsawonta ɗaya da rabi, don in ta kife ta samu ta juya.

Abin da na fi so ku gane shi ne wannan: je ka bakin tafki da hantsi ka tsaya ka duba da kyau. Akwai wuri mai zurfi, akwai gangare marar zurfi inda za ta tsaya ta fito da hanci kawai, akwai reshen icce da ya faɗa ruwa, akwai inuwar ganye, akwai rana. Shi za ka kwaikwayo a ƙarami. A ƙasa ka shimfiɗa rairayin gulbi mai laushi kamar kaurin yatsu biyu, ka wanke shi a bokiti har sai ruwan ya fito garau. Tsakuwa ƙanana kuwa kar ka kusance su, haɗiye su take su toshe mata hanji, duk dutsen da za ka sa ya fi kanta girma. Ka jera manyan duwatsu masu sulɓi a gefe ɗaya su yi kamar matakala, ka girke su sosai ta yadda ko ta tura ba za su rufto mata ba, saboda kififiya da iska take numfashi, in ta maƙale a ƙarƙashi nutsewa za ta yi ta mutu kamar kowa. Fasasshen tulu ko rabin tukunyar ƙasa da aka goge bakinta yana yin maɓoya mai kyau, tawa nan take kwana.

Sai wurin shan hantsi, wanda rashinsa ne ya kashe mani ta farko. Dole a samu busasshen wuri sama da ruwa, faffaɗan dutse ko guntun busasshen icce da aka jiƙa kwanaki, mai gangare da za ta hau da kanta ta bushe ƙaf har cikinta. Hasken rana ne ke sa jikinta ya yi bitamin D3, shi kuma ke sa sinadarin kalsiyam ya shiga ƙashi da ƙoƙon baya. Wannan hasken, wanda ake kira UVB, ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye ta bayan taga ba ya maganin komai. A ƙasashen sanyi sai sun sayi ampul na musamman suna canza shi duk wata shida zuwa shekara, mu kuwa Allah ya ba mu rana kyauta, sai dai tamu ta yi yawa. Ka sa tanon inda zai samu rana daga safe zuwa kamar ƙarfe goma ko sha ɗaya, daga nan inuwar bango ko ta bedi ta rufe shi, kuma ko a lokacin ranar rabinsa ya zama cikin inuwa. Ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 28, kan dutsen kuma 30 zuwa 35. Lokacin bazara da zafi ke haura 40 ina rufa zana a sama in ƙara ruwan randa da azahar. Lokacin hunturu kuma, Disamba da Janairu, dare na yin sanyi sosai, sai in rufe da buhu ko in sa ta a baho in shigar ɗaki. In ka ga tana iyo a karkace ko kumfa na fita ta hanci, sanyi ya kama ta, a nemi likitan dabbobi kar a tsaya jira.

Ganye shi ke sa wurin ya yi kama da tafki na gaske. Kainuwa ta fi komai sauƙi, ba ta son dashe, ka ɗebo ka wanke ka watsa a sama, tana ba da inuwa tana kuma tsotse dattin ruwa. Za ta yayyaga ta, ba komai, ka ajiye wata a bokiti daban tana yaɗuwa. Bado yana da kyau amma sai a babban kwarmi, a tano tumɓuke shi take.

Maganar tsabta ita ce aikin gaske don kififiya akwai ƙazanta, a ruwa take ci a ruwa take kashi. Ruwan pompi akwai maganin kulorin a ciki, ka tara shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin ka zuba. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin uku da tiyo tun daga ƙasa inda datti ke taruwa ka ƙara sabo, kar ka zubar duka ka wanke da omo ko sabulu. In kana da ɗan injin tace ruwa to madalla, ka nemi wanda ya ninka ƙarfin mazubinka biyu, kuma sosonsa da tsohon ruwan tanon ake ɗauraye shi saboda akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune ciki suna karya gubar kashin, sai sun yi sati huɗu zuwa shida kafin su kafu. In kuran, wato wutar lantarki, na yawan tafiya ƙaramin sola na iya jan shi. Ba inji kuwa sai ka riƙa canjin sau biyu a sati, ka kuma sa ido kan tsutsar sauro, kun san yadda zazzaɓi yake a garin nan da damina.

Abinci: tana, shinge, ƙananan kifi ɗungum da ƙayarsu, dodon koɗi, da fara ɗanya. Ban da farar kasuwa da aka soya da gishiri da yaji, ban da wadda aka kamo a gonar da aka yi feshi. Mai jan zanen in ta girma tana son ganye sosai, zogale da salati. Ƙarama kullum ake ba ta, babba duk bayan kwana biyu ko uku, yawan abin kamar girman kanta. Ina daka ɓawon ƙwai da aka dafa in barbaɗa a kai. Dabara mai rage wahala ita ce ka ciyar da ita a wani ɗan baho daban mai ruwa, in ta gama ka mai da ta. Kuma guda ɗaya ta isa, maza biyu in ka haɗa su cizon juna za su yi ta yi.

Tana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ko da lafiyarta ƙalau, har Amurka ta hana sayar da masu ƙasa da santimita 10 tun 1975 saboda yara na sa su a baki. Duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu, kayan aikinta kar su haɗu da na girki, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kuma kallo kawai. Saman tanon ka ɗaura ragar waya mai ƙarfi da za a iya kullewa, don kyanwa da kusu da hankaka, don ita kanta da ta iya hawa fiye da yadda ake zato, sannan uwa uba don mai rarrafe da zai iya leƙawa ya faɗa. Ruwan da ka zuƙe kuwa kar ka kwarara shi a titi, kai shi gindin itatuwan gida, ni bedi da lemun tsami nake ba.