Idan apt ya tsaya cak: kurakuran da ake tafkawa bayan manhajar girka manhajoji ta faɗi

Wani ɗalibi da nake koya wa aikin Linux ya kawo mini kwamfutarsa ta cinya ran wata Asabar, hankalinsa a tashe. Ubuntu ce a kai. Ya ce yana tsaka da sabunta manhajoji aka ɗauke wuta, kwamfutar kuma ta hannu ce, batirinta ba ya riƙe caji ko na minti biyar, nan take ta mutu. Da wuta ta dawo ya kunna, ya buɗe tagar sabuntawa, sai ta rufe kanta. Ya sake buɗewa, ta sake rufewa. Na ce masa, "To me ka yi daga nan?" Ya ce, "Malam, duk abin da na gani a intanet na gwada." Muka duba tarihin umarnin da ya buga, sai ga layuka jere, kowanne da sudo a gabansa, wato kalmar da ke ba umarni ikon taɓa komai a kwamfutar. Ɓarnar da ɗauke wutar ta yi ƙarama ce, umarni ɗaya ya ishe ta. Aikin da ya cinye mana wunin nan kaf daga waɗannan layukan ya fito. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido.

Ubuntu da Linux Mint da danginsu duk daga Debian suka samo asali, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. A cikinsu aikin girka manhaja hawa uku ne. A sama akwai tagar da kake dannawa da linzami, irin su Synaptic ko tagar sabuntawa. Ƙarƙashinta akwai apt, shi ne ke zuwa rumbu, wato ma'ajiyar manhajoji a intanet, ya sauko da ƙunshin manhaja, ya kuma lissafa wane ƙunshi ne ya dogara da wane. Can ƙasa kuma akwai dpkg, mai kwance ƙunshin ya ajiye kowane fayil a mazauninsa, ya rubuta abin da ya yi a wani kundi mai suna /var/lib/dpkg/status. Tagar sama ita ce take faɗuwa a gaban idonka, amma sau da yawa ciwon yana hawa na biyu ko na uku.

Shi ya sa kuskuren farko shi ne nacewa a kan tagar. Mutum zai yi ta buɗewa tana rufewa, ya sake kunna kwamfuta, ya sake buɗewa, alhali tagar ba za ta gaya masa komai ba. Danna Ctrl da Alt da T tare, taminal, wato tagar buga umarni, zai buɗe, ka buga sudo apt update, ka karanta abin da ya fito a natse. Kada ka tsaya a layin ƙarshe. Kusan kowa wannan layin yake kwafewa ya kai intanet, wanda ke cewa dpkg ya dawo da lambar kuskure 1. Wannan layi daidai yake da a ce maka "ba lafiya", bai faɗi ciwon ba. Ainihin bayanin yana sama da shi, wani lokaci layi goma ko ashirin, inda aka ambaci sunan ƙunshin da ya ƙi da dalilinsa. In ya riga ya wuce, yana nan a rubuce cikin /var/log/apt/term.log, sannan /var/log/apt/history.log zai nuna maka abin da aka girka ko aka cire da ranar da aka yi.

Sai maganar kwaɗo, kuma a nan zan ɗan daɗe domin ita ta fi yi wa mutane illa. apt da dpkg ba sa yarda hannu biyu su shiga kundi lokaci guda. Duk wanda ya fara aiki sai ya datse da kwaɗo, ta hanyar wasu fayiloli irin su /var/lib/dpkg/lock-frontend. Idan ka zo ka tarar a datse, za a ce maka an kasa samun kwaɗon, wani yana riƙe da shi. Amsar da ta cika intanet ita ce ka goge fayil ɗin. Ɗalibin nan nawa ya goge har guda huɗu. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne, kasancewar fayil ɗin a wurin ba ita ce datsewar ba. Fayil ɗin kullum yana nan. Riƙon da wata manhaja mai rai ta yi masa shi ne datsewar, kuma da zarar manhajar ta mutu, tsarin da kansa yake sakin riƙon. Ke nan in an ce maka a datse yake, to lallai akwai mai aiki a ciki yanzu haka. Galibi unattended-upgrades ne, wanda Ubuntu ke tayarwa da kanta don girka gyare-gyaren tsaro, musamman jim kaɗan bayan an kunna kwamfutar da ta kwana biyu a kashe. Ka goge fayil ɗin, ka shiga, sai ya zama ku biyu kuna rubutu a shafi ɗaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba.

Abin yi shi ne ka ga waye a ciki. Sabbin fitowar apt suna faɗin lambar manhajar da sunanta a cikin saƙon. In bai faɗa ba, sudo lsof /var/lib/dpkg/lock-frontend zai nuna maka. Idan mai sabuntawar ne, ka ba shi lokaci, ka je ka yi wani abin ka dawo. Idan Synaptic ne ka bari a buɗe a wani gefe, rufe shi kawai. Sai ka tabbatar abin ya sandare da gaske, ya daɗe ba ya taɓa faifai ba ya jan intanet, sannan ka tsayar da shi da sudo kill da lambarsa, kuma kada ka fara da -9, domin wannan ba ya barin sa ya tattara kayansa.

Kusa da wannan akwai masu kashe kwamfuta da maɓalli saboda allo ya daina motsi. Wasu matakan suna cin lokaci ba tare da sun rubuta komai ba, kamar lokacin da ake haɗa direban katin hoto da sabon kanel, wato zuciyar tsarin Linux. Wani lokacin kuma tambaya ce take jiran ka a wani allo mai launi, linzami ba ya aiki a kansa, sai ka danna Tab ka kai kan amsar sannan ka danna Enter. Na sha ganin an kashe kwamfuta a daidai wannan wuri, mutum yana zaton ta maƙale.

To idan aikin ya riga ya katse, ko da wuta ko da hannu, gyaran sananne ne. Ka buga sudo dpkg --configure -a domin dpkg ya ƙarasa abin da ya kwance bai ɗaure ba. Bayan ya gama, ka bi da sudo apt --fix-broken install domin apt ya cike gurbin ƙunshin da suka rage. Jerin yana da muhimmanci, dpkg tukuna. In tebur ɗin, wato allon da ka saba aiki a kai da linzami, ma ya ƙi fitowa, Ctrl da Alt da F3 za su kai ka baƙin allo inda za ka shiga da sunanka ka buga waɗannan umarnin.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ake tsallakewa a tafi neman babbar cuta. Na ɗaya, wuri: buga df -h ka gani ko faifan ya cika, musamman /boot in yana da nasa yankin daban, domin tsofaffin kanel suna taruwa a can. sudo apt clean zai share ƙunshin da aka sauke aka gama da su, sudo apt autoremove --purge kuma zai kwashe tsofaffin kanel. Kada ka shiga /boot ka yi ta goge fayiloli da hannu kafin ka buga uname -r ka san wanda kake kai. Na biyu, agogo. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batiri mai kama da kwabo a ciki, in ya mutu sai kwanan wata ya koma baya, apt kuma ya ce takardar rumbun lokacinta bai yi ba tukuna. Gyara kwanan watan, shi ke nan. Na uku, data. Idan datarka ta ƙare, ko kana kan wayalas mai neman a shiga ta wani shafi, apt zai nemi jerin ƙunshi a miƙo masa shafin intanet a madadinsa. Saƙon da ke ɗauke da kalmar NOSPLIT yawanci wannan yake nufi. In gurɓataccen jeri ya riga ya zauna, ka share abin da ke cikin /var/lib/apt/lists/ ka sake apt update. Wannan jakar ba komai in an share cikinta, kwafi ne kawai na abin da ke rumbu.

Amma kundin dpkg ba kwafi ba ne, kuma a nan ne ɗalibin ya fi jin jiki. Ya ga wani ya rubuta cewa a goge /var/lib/dpkg/status a ƙirƙiri sabo fanko. Ya yi. Kuskuren ya ɓace, ya yi murna. Abin da ya faru shi ne kwamfutar ta manta duk abin da ke kanta. Manhajojin suna nan a faifai, amma a wurin dpkg ba a taɓa girka ko ɗaya ba, kamar ɗan kasuwar da aka yaga masa littafin bashi, kaya na hannun mutane amma bai san wa ke riƙe da me ba. Allah ya taimake mu akwai ajiya. dpkg yana barin status-old a gefen kundin, sannan a /var/backups akwai dpkg.status.0 da waɗanda suka gabace shi. Muka dawo da na baya-bayan nan. Wanda duk zai taɓa wani abu a /var/lib/dpkg, ya fara kwafe shi gefe tukuna, ina roƙo. Haka nan --force-all: ma'anarsa ka ce wa dpkg ya rufe ido daga duk gargaɗin da aka gina masa. In ƙunshi ɗaya ne ya lalace har ya ƙi ciruwa, akwai tilastawa mai iyaka, --force-remove-reinstreq, a kan wannan ƙunshin shi kaɗai.

Kafin apt ya yi komai yakan jera abin da zai girka da abin da zai cire, ya tambaye ka. Mutane suna danna Y ba su duba ba. A 2021 Linus Sebastian, mai tashar fasaha a YouTube, ya so girka Steam, manhajar wasanni, a kan Pop!_OS, wani dangin Ubuntu, apt ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman sassa, ya buga jimlar amincewar da aka nema, tebur ɗinsa ya tafi gaba ɗaya. Idan manhaja ɗaya kake son sakawa ka ga an jera ɗaruruwa za a cire, amsar a'a ce. Ƙara -s a umarnin, apt zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Masu koyon Python su ma su yi hattara: python3 da ya zo da tsarin, kayan sabuntawa na Ubuntu a kansa suke tsaye. Ka cire shi ko ka sauya shi da wata fitowa, sai ka ga ana kukan ba a sami apt_pkg ba. Girka naka a gefe, ka bar na gida yadda yake.

Rumbunan waje, waɗanda ake kira PPA, su ma suna da nasu rabon. Mutum zai ƙara wanda aka yi don wata fitowar Ubuntu daban, ko ya cusa rumbun Debian a cikin Ubuntu, ƙunshi su yi ta karo da juna. Leƙa /etc/apt/sources.list.d/ ka kashe abin da ba ka san dalilin zamansa ba, ppa-purge kuma zai mayar da ƙunshin zuwa na asali. Ka kuma san fitowar da kake kai. Masu alamar LTS irin su 22.04 da 24.04 ana kula da su shekara biyar, na tsakani kuwa wata tara kacal, daga nan a kwashe rumbunsu zuwa old-releases.ubuntu.com, kai kuma ka yi ta samun kuskuren 404, wato ba a sami abin da aka nema ba.

In duk ka bi waɗannan apt yana ci gaba da mutuwa a wurare daban-daban, ko faifan ya koma ba ya karɓar rubutu, ka daina zargin apt. Duba sudo dmesg, ka gwada ƙwaƙwalwar da memtest86+, ka kwashe muhimman fayilolinka tun faifan yana amsawa.

Wajen la'asar muka gama da kwamfutar ɗalibin. Kafin ya tafi na sa shi ya buga sudo apt upgrade --download-only da hannunsa, wanda ke sauko da komai ba tare da an girka ba, ta yadda in wuta ko data ta yanke a wannan matakin ba abin da zai lalace. Girkawar kanta, wadda ita ce mai haɗarin, muka yi ta bayan an tayar da janareta, sannan ya tafi neman sabon batiri.