Kurakuran masu koyon manɗiƙi ta hanyar wasa ƙwaƙwalwa

Wasa ƙwaƙwalwa ƙofa ce mai sauƙin shiga ga mai son ilimin manɗiƙi, wato ilimin rarrabe hujja ingantacciya da rusasshiya, sai dai yawancin masu koyo amsa kawai suke farauta. Wanda ya canki amsa amma ya kasa jero dalilanta ɗaya bayan ɗaya, ya ci wasa, manɗiƙi kuwa bai soma ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya sharaɗi. A yanka kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. A jera su yadda za a riƙa ganin A, K, 3, 7. Doka ta ce: "Idan kati yana da A, to bayansa 3 ne." Waɗanne katuna ne dole a birkice don a san ko an karya dokar? Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, shi ya fito da irin wannan gwaji a 1966, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke amsa shi daidai. Mafi yawa A da 3 suke ɗauka, alhali amsar A da 7 ce.

Katin 3 ba shi da amfani, domin ko A aka tarar a bayansa ko K, doka tana nan daram. Ba ta taɓa cewa A kaɗai ke tafiya da 3 ba. Amma in aka birkice 7 aka ga A, ta karye ke nan. Gyaran shi ne, kafin ka taɓa kati, ka tambayi kanka abin da zai ƙaryata dokar. Abu ɗaya ne tak: A tare da lambar da ba 3 ba. Sai ka birkice katunan da wannan haɗin zai iya ɓuya a cikinsu. Wanda abin ya ƙi shiga kansa, a sauya masa doka: "Duk mai tuƙa mota ya kai shekara 18." Ga direba, ga fasinja, ga ɗan shekara 30, ga ɗan shekara 15. Nan take zai ce a tambayi shekarun direba, a kuma duba ko yaron ne ke riƙe da sitiyari. Ba wanda zai dami ɗan shekara 30, kuma shi ne katin 3.

Na biyu, cuɗa ingancin hujja da gaskiyar natija, wato sakamakon da hujjar ta kai gare shi. "Duk tsuntsu yana tashi, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi." Wannan ƙiyasi, wato jumloli biyu na shimfiɗa (muƙaddimomi) da aka ciro natija daga gare su, tsarinsa lafiya lau, muƙaddimar farko ce ƙarya. Ga kishiyarsa: "Duk kyanwa dabba ce, wasu dabbobi suna da wutsiya, saboda haka kyanwa tana da wutsiya." Natija gaskiya ce, shi ya sa ake saurin amincewa, amma ƙiyasin rusasshe ne. Kalmar "dabba" da ta haɗa muƙaddimomin biyu ba ta game dukkan dabbobi a ko ɗaya daga cikinsu ba. Hanyar kama irin wannan ita ce a bar tsarin yadda yake, a sauya kalmomi: doki dabba ne, wasu dabbobi suna da fiffike, saboda haka doki yana da fiffike. Da tsari ya haifi ƙarya daga muƙaddimomi na gaskiya sau ɗaya, an jefar da shi. Cikin siffofi 256 da ƙiyasi irin na Aristotle, masanin falsafar tsohuwar Girka, zai iya ɗauka, 24 ne kawai manɗiƙin gargajiya ya karɓa, don haka wanda ya dogara da daɗin ji zai sha faɗuwa.

Sai tsibirin masu gaskiya da maƙaryata, wasan da Raymond Smullyan, masanin manɗiƙi ɗan Amurka, ya yayata a 1978. Mai gaskiya ba ya ƙarya, maƙaryaci ba ya gaskiya. Ka haɗu da mutum biyu, dogo da gajere. Dogo ya ce: "Mu biyun nan duk maƙaryata ne." Masu koyo sukan gane cewa dogo ba mai gaskiya ba ne, don mai gaskiya ba zai kira kansa maƙaryaci ba. Daga nan sai ƙafa ta zame, su ce tunda maganarsa ƙarya ce, to su biyun masu gaskiya ne, su rikice su ce wasan ba shi da amsa. Kore "duk" ba ya nufin "babu ko ɗaya". Yana nufin "aƙalla ɗaya ba haka yake ba". Dogo maƙaryaci ne, ke nan gajere ne mai gaskiya. Haka kuma abin da ke kore "babu ko ɗaya" shi ne "akwai aƙalla ɗaya", ba "duka" ba.

Kalmar "ko" ma tana rikita masu koyo. A hira takan nufi zaɓi ɗaya ka bar ɗaya, amma a manɗiƙi jumla mai "ko" gaskiya ce in ɓangare ɗaya ya tabbata ko duka biyun, sai fa in wasan ya fayyace akasin haka.

Akwai kuma masu ƙyamar takarda da alƙalami, wai a ka suke lissafi. Tunda kowa ko mai gaskiya ne ko maƙaryaci, mutum biyu a tsibirin nan hali huɗu za su iya kasancewa a ciki, uku takwas, huɗu 16, kowane ƙarin mutum yana ninka adadin. A ja jadawali, layi ɗaya ga kowane hali, a gwada maganar kowa a kan kowane layi, a soke wanda ya ci karo da kansa, a rubuta dalilin sokewa a gefe. Kada a tsaya don an sami layin da ya dace, a bi su har ƙarshe. In layi biyu suka rage, a sake karanta tambayar, an tsallake wani sharaɗi ko kuwa wasan ne bai ba da isasshen bayani ba. In ba layin da ya rage, galibi an shigo da zato daga waje, kamar ɗauka cewa dole ɗaya mai gaskiya ne ɗaya maƙaryaci, alhali tambayar ba ta faɗi haka ba.