Yadda za ki rage watannin ɗaurin wayar haƙori

Ranar da aka ɗaura mini waya a haƙora don a daidaita su, saura wata 14 bikina. Na roƙi likita ya ƙara matse ta don a gama da wuri, ya ƙi. Sai daga baya na gane dalilinsa.

Haƙori yana matsawa ne saboda ƙashin da ke gabansa yana narkewa a hankali, sabo kuma yana ginuwa a bayansa. Jiki ne ke wannan aiki, kuma yawanci bai wuce kamar milimita 1 a wata ba. Shi ya sa mutane da yawa kan yi wata 18 zuwa 24 da waya. In aka matsa da ƙarfi fiye da kima, jini ya rage isa wurin, haƙorin ya tsaya cak, saiwarsa ma tana iya gajarcewa.

To, mafi yawan lokacin da ake ɓatawa, mu ne ke ɓata shi. Ni dai rake ne ya ci ni. Na ɓalle ƴan maɓallan da ake mannawa a haƙori har sau uku, kuma duk wanda ya ɓalle, wannan haƙorin ya daina tafiya sai an sake manna shi. Ki haƙura da rake, goro, aya, ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara. Kilishi ma ki jiƙa shi ko ki bar shi. Ranar ganin likita, wadda kan zo duk bayan mako 4 zuwa 8, kada ki ɗaga ta saboda suna ko tafiya. Ƴan robobin da ake ba ki ki maƙala tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, ki sa su kamar yadda aka ce, ba sai dare kaɗai ba. Ki kula da buroshi sosai, domin dasashi mai kumburi kan sa likita ya dakatar da aiki.

Akwai abin da ban sani ba sai a wata na shida: ibuprofen na iya rage saurin tafiyar haƙori, domin yana kwantar da irin kumburin da jiki ke amfani da shi wajen narkar da ƙashi. In ciwo ya dame ki bayan an matse waya, ki tambayi likita game da paracetamol.

Akwai kuma hanyoyin likita. Ana yin ƴan tsage-tsage ko ƙananan huji a ƙashin muƙamuƙi don jiki ya hanzarta gyara wurin. Ƴan'uwa biyu likitoci a Amurka, su Wilcko, sun yaɗa irin wannan tiyata a 2001. Tana aiki, amma saurin na ƴan watanni ne, ga kuɗi ga ciwo. Na'urar girgiza da ake cizawa kullum, irin AcceleDent, bincike bai nuna tana da wani amfani a zo a gani ba. Ni ban saya ba.

An cire mini wayar a wata na 20. Hotunan bikina duk da waya a bakina, kuma har yau ina kwana da abin riƙe haƙoran da aka ba ni, don kada su koma inda suka fito.