Yadda nake daidaita ƙofofin AM da FM na injin siginar maikurowef

Injinan siginar da ke zuwa shagona a Aboabo, nan Kumasi, yawancinsu na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Lambar da allonsu ke nunawa ba na karɓarta sai na auna da kaina, musamman idan saƙon daga waje zai shiga ta ƙofar EXT, wato bakin da ke karɓar saƙon waje don ɗora shi kan siginar dako, ainihin siginar injin. A AM saƙon yana sauya ƙarfinta, gwargwadonsa shi ne zurfi; a FM yana sauya mitarta, gwargwadonsa shi ne karkata. Ga yadda nake yi, ƙanena.

Kunna injin da analaiza, na'urar da ke nuna ƙarfin sigina a kowace mita, ka bar su su ɗumama aƙalla minti 30. Idan wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, ta ɗauke kana tsakiyar aiki, sai ka sake jira daga farko, shi ya sa nake ɗora su a kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta. Haɗa ƙofofinsu na 10 MHz da ke baya don su bi agogo ɗaya. A lokacin hunturu ka share ƙura daga bakin waya kafin ka ɗaura.

Wajen ƙarfin saƙon ne ake yawan faɗawa rami. Injina da yawa suna son bolt 1 a ƙololuwa kafin zurfi ko karkatar da ka saita ta zama gaskiya. Bolt 1 a ƙololuwa shi ne bolt 2 daga sama zuwa ƙasa a osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina, kuma 0.707 a ma'aunin bolt mai karanta RMS, wato matsakaicin ƙarfi. Duba littafin naka injin ka tabbatar. Sannan ka duba ko ƙofar om 50 ce ko om 600. Ƙaramin injin da ke ba da saƙon yakan ɗauka om 50 zai tarar. In ya tarar da 600, abin da zai isa ya kusa ninka abin da ya rubuta. Don haka sa mahaɗin T, mai baki uku, a bakin ƙofar, ka auna a nan, wayar na haɗe. Zaɓi AC, sai fa in aikin na buƙatar DC, domin a FM ɗan DC kaɗan zai ture siginar dako daga wurinta.

FM ce na fi jin daɗin aunawa, don lissafin Bessel, wanda ke faɗin inda siginar dako ke ɓacewa, ba ya ƙarya. Siginar dako tana ɓacewa karon farko idan karkata ta kai ninki 2.405 na mitar saƙo. Kana son tabbatar da karkatar 100 kHz? Raba 100 da 2.405, ka sami 41.58 kHz. Sa saƙon a wannan mita, saita karkatar injin a 100 kHz, buɗe analaiza faɗin 500 kHz da RBW, wato faɗin matatarta, na 3 kHz. Fara ƙarfin saƙo daga sifili, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali har tsinin tsakiya a analaiza, wato siginar dako, ya nutse. Daga sifili fa, domin akwai ɓacewa ta biyu a 5.52, wanda ya faro daga sama zai iya kama ta ya zaci ta farko ce. Yanzu dubi osiloskop. In bolt 1 ne, Alhamdulillahi. In 1.05 ne, ƙofar ta gaza da kusan kashi 5 cikin ɗari.

A AM, sauke ƙarfin fita da aƙalla 6 dB ƙasa da iyakar injin, saboda cikakken zurfi yana ɗaga ƙololuwa da 6 dB, in ba wuri fitilar UNLEVELED, mai nuna injin ya kasa riƙe ƙarfin da aka saita, za ta kama. Ba shi saƙon 10 kHz mai bolt 1 a ƙololuwa, zurfi kashi 30. Tsinayen gefe biyu su tsaya 16.5 dB ƙasa da na tsakiya. A kashi 50 kuwa 12 dB ne. In ɗaya ya fi ɗaya tsayi, FM ce ta kutso ciki.

Gyaran kansa, a tsofaffin injina ɗan maɓallin juyi ne a kan allon lantarkin da ke cikin injin, ka taɓa shi da sukudireban roba, kaɗan-kaɗan. A sababbi yana cikin manhajar gyara. Rubuta tsoffin lambobin a takarda kafin ka canza komai. Bayan gyara ka maimaita awon a ƙasan zangon injin, tsakiya da sama, misali 2, 10 da 18 GHz, ka rubuta sakamakon da kwanan wata ka liƙa a jikinsa.